TSOHUWAR MOTA DA DOGUWAR HANYA: YADDA ZA KA KAI MOTARKA KILOMITA RABIN MILIYAN

 A wannan fitowar za mu ajiye zancen farashin shanu tukuna, mu yi maganar abin da ke kai mu kasuwar, wato mota. Mafi yawanmu ba sabuwa muke hawa ba. Wani Peugeot 504 ce ya gada wajen mahaifinsa, wani Toyota Hilux ce ta hannu, wani kuma tsohuwar Marsandi 911 ce yake loda wa shanu. To, tambayar ita ce: me ya sa motar wani take shekara 30 tana aiki, ta wani kuma shekara 3 an jingine ta a garaji, kaji na ƙwai a cikinta?

Bari in fara da abin da ya same ni. Wata shekara, saura mako biyu sallar layya, na lodo raguna daga Damagaram cikin a-kori-kura, za mu ci kasuwar Maigatari ranar Alhamis. Tsakanin Dungas da bakin iyaka sai fambel ya tsinke. Direba bai lura da allurar zafi ba sai da tururi ya taso. Yaron mota, cikin gaggawa, ya ɗauko jarka ya antaya wa injin ruwan sanyi, nan take kan injin ya tsage. Muka yini cikin rana. Kafin mu samu motar da za ta kwashe dabbobin, rago biyu sun mutu, kasuwa kuma ta watse. Da na duba tsinkakken fambel ɗin, sai na ga duk ya tsattsage tun tuni. Da wani ya buɗe bonet da asuba ya taɓa shi da hannu, da an gani. Kuɗin sabon fambel bai kai kuɗin ƙafar rago ɗaya ba. Tun daga ranar na daina bar wa direba shi kaɗai sha'anin mota.

WAƊANDA SUKA GWADA SUKA GANI

Kada wani ya ce maganar rabin miliyan cika baki ce. Akwai wani malamin makaranta a Amurka mai suna Irv Gordon, ya sayi Volvo sabuwa a 1966. Ya cika mil miliyan 1 da ita a 1987, mil miliyan 2 a 2002, mil miliyan 3 a 2013. Mil miliyan 3 kuwa kusan kilomita miliyan 4 da dubu 800 ke nan, kamar a ce ya zagaya duniya sau 120. Har ya rasu a 2018 motar tana tafiya. A ƙasar Girka kuma wani direban tasi, Gregorios Sachinidis, ya yi kilomita miliyan 4 da dubu 600 da Marsandi 240D ƙirar 1976, har kamfanin ya karɓe ta a 2004 ya ajiye a gidan tarihinsa da ke Jamus. Dukkansu an sha yi wa injunansu babban gyara a tsawon shekarun. Abin da ya haɗa su shi ne juye a kan lokaci, da gyara ƙaramar matsala tun ba ta girma ba.

Ko a nan gida muna da shaida. Peugeot 504 ta fito a Faransa a 1968, masana'antar Kaduna kuma ta ci gaba da harhaɗa ta har 2006. Ke nan ko autarsu ta yi shekaru masu yawa, amma har yau ana ganin su a tashoshi suna lodi. Injinta na fetur sarƙa yake amfani da ita a ciki, silif ɗinsa kuma ana zare su a sa sababbi, shi ya sa bakanike ke iya mayar da shi kamar sabo ba tare da an sayi wani injin ba.

Yanzu mu yi lissafin namu. Daga Damagaram zuwa Kano kusan kilomita 240 ne. Zuwa da dawowa 480. In ka haɗa da kasuwannin ƙauye biyu ko uku, a mako ka yi wajen kilomita 1,000. A shekara kusan 50,000 ke nan, a shekara 10 kuwa 500,000. Ka ga ashe rabin miliyan tafiyar shekara 10 ce kawai ga falke mai himma. Sauran magana, ko motar za ta jure.

NA FARKO: BAƘIN MAI

Baƙin mai shi ne jinin inji. Ƙarfe ne ke gogar ƙarfe sau dubbai a minti ɗaya, mai ne kaɗai ke shiga tsakaninsu. In ya tsufa, ƙura da toka sun cika shi, sai ya koma kamar ruwan yashi, yana cin ƙarfen da ya kamata ya kare.

A irin hanyoyinmu na burji da rairayi, tsohuwar mota tana son juye, abin da wasunmu ke ce wa bidanji, duk kilomita 5,000. Ga mai yin 1,000 a mako, duk mako 5 ke nan. Duk juye a sake filtar mai. Wanda ya zuba sabon mai ya bar tsohuwar filta, kamar wanda ya yi wanka ne ya mayar da rigar dauɗa.

A kula da inda ake sayen man. Akwai masu tace wanda aka juye daga wata motar su zuba cikin galan mai kyau. Ka saya da kanka wajen wanda ka sani, ka duba hatimin murfin, kuma a buɗe a gabanka. Araha ba ta ado. Kowace safiya, kafin a tayar da inji, mota tana tsaye a wuri mai daidai, a zaro geji a goge a mayar a sake zarowa. Mai ya tsaya tsakanin alamomin nan biyu. In ya yi ƙasa a ƙara, kada kuma a cika ya wuce alama. In ka ga man ya yi fari-fari kamar shayi da madara, ruwa ya shiga, kada a tayar da motar sai bakanike ya gani.

Wani abu kuma da ya shafe mu kai tsaye: man da aka juye guba ne. Kada a zubar da shi kusa da rijiya ko mashaya, kada kuma a shafa wa dabba a kan gyambo ko ƙirci kamar yadda wasu ke yi. Wannan aikin malamin dabbobi ne.

NA BIYU: ISKA DA ƘURA

Inji yana shaƙar iska fiye da yadda yake shan mai nesa ba kusa ba. Duk ƙurar da ta tsallake filtar iska, kai tsaye take zuwa wajen fistin da ringi tana goge su. Wanda ya bi ayarin manyan motoci a hanyar burji da hunturu ya san irin ƙurar da nake faɗi.

In filtar takarda ce, a ciro ta bayan kowace doguwar tafiya a kakkaɓe a hankali, ko a hura mata iska daga ciki zuwa waje. Ba a wanke ta da ruwa ko fetur. In ta huje, ko da hujin bai fi na allura ba, ta tashi daga aiki. In kuma irin ta da ce mai kwanon mai a ƙasa, a zubar da man, a wanke laka, a zuba sabo daidai alama. Babban kuskure shi ne wanda wasu direbobi ke yi, in mota ta rage ƙarfi sai su cire filtar gaba ɗaya, wai don ta numfasa. Za ta yi gudu na ƴan makonni, daga nan sai shuɗin hayaƙi da shan mai.

NA UKU: RUWA DA ZAFI

Da bazara, watan Afrilu da Mayu, zafi a Maraɗi da Damagaram da Diffa da Kusuri yana wuce digiri 40. Zafi ya fi kashe injuna a ƙasashenmu fiye da tsufa.

Ruwan da muke zuba wa lagireto shi ne farkon matsala. Ruwan rijiyoyi da yawa yana da gishiri ko kanwa. Dubi cikin butar shayi da aka daɗe ana dafa irin wannan ruwan, ka ga farin dutsen da ya kama ta. Haka yake kama ƙananan hanyoyin lagireto har su toshe. A yi amfani da ruwan lagireto mai launi da ake sayarwa, wanda ke hana tsatsa. In babu, ruwan sama da aka tara a mazubi mai tsabta aka tace ya fi na rijiya.

A riƙa duba tiyo. In ka matsa ka ji ya yi laushi ainun, ko ya kumbura, ko ya bushe yana tsagewa, a sake shi. Murfin lagireto ma yana da aiki, shi ke riƙe ƙarfin iska a ciki don kada ruwa ya tafasa da wuri. Wanda ya toshe bakin da tsumma ko leda ya yaudari kansa. A wanke gaban lagireto daga ciyawa da fara da gashin dabbobi. Fambel kuwa, na riga na ba ku labarinsa. A taɓa shi kullum, a ajiye sabo ɗaya ƙarƙashin kujera.

Akwai wani ɗan ƙarfe a bakin tiyon sama da ake kira tamostat. Bakanikai da yawa suna cire shi su jefar, wai kayan ƙasar sanyi ne. Aikinsa shi ne ya sa inji ya kai zafin da ya dace da sauri ya tsaya a nan. In babu shi, da asubar hunturu inji zai daɗe yana aiki da sanyi, ya sha mai da yawa, ringi su ci. In ya lalace a sayi sabo. In mota na zafi, a nemi ainihin dalili, wanda yawanci toshewar lagireto ne, ko famfon ruwa, ko fanka.

In allurar zafi ta hau, a tsaya nan take. Kada a buɗe murfin lagireto da zafi, mutane da yawa sun ƙone fuska ta haka. Kada a zuba ruwan sanyi. A buɗe bonet a jira inji ya huce. Jiran minti 30 ya fi jiran sabon kan inji daga Kano.

NA HUƊU: MAN SHA

Dukkanmu mun sha sayen mai a kwalba ko jarka a bakin hanya, wajen ƴan ruwa-ruwa ko ƴan bumburutu, don a daji ba ka da zaɓi. Irin wannan man yakan zo da ruwa, da tsatsar duro, wani lokaci an gauraya shi da kananzir. In dole ta sa, a tace da ƙyalle mai tsabta a bakin mazurari. Kada a riƙa barin tanki yana ƙarewa ƙarƙaf, don dattin da ya kwanta a ƙasa shi famfo zai zuƙo.

Masu motar gas, wato gazuwal, su suka fi shiga haɗari, don famfon injekta da nozul ba sa jure ruwa, gyaransu kuma akwai tsada. A Hilux da Land Cruiser akwai ɗan kofi ƙarƙashin filtar gas inda ruwa ke taruwa, da ƴar fitila da ke kamawa in ya cika. A kwance shi a zubar da ruwan, kada a jira fitila.

NA BIYAR: TAIMIN BEL

Wannan a ji shi da kunnen basira. Injunan gas na Toyota irin su 2L da 3L da 5L na Hilux, da 1HZ na Land Cruiser, bel ne na roba a ɓoye cikin murfi yake daidaita motsin bawul da fistin. Ba ya ƙara, ba ya ba da sanarwa. Ranar da ya tsinke, fistin ya daki bawul, inji ya tashi aiki nan take. A tsofaffin ƙira ƙa'idarsa kilomita 100,000 ce. In ka sayi mota ta hannu ba ka san yaushe aka sake shi ba, ka sake shi kafin tafiyar farko, ka rubuta lambar kilomita a jikin murfin. Kada ka yarda wani ya kashe maka fitilar gargaɗin kawai ya ce an gama.

NA SHIDA: ƘASAN MOTA

Hanya mai gargada tana kwance kusoshi. Duk mako a shiga ƙarƙashi da sifana a bi kusoshin sifirin, da na taya, da na sitiyari. A ɗura giris a farfela da duk inda aka yi masa baki. A ɗaga taya a girgiza, in tana wasa boris ne. Da damina, in an ratsa ruwa mai zurfi a fadama ko kwazazzabo, a duba man aksul da man giya. In sun yi fari, ruwa ya shiga, a juye.

Man birki yana tsotsar danshi daga iska, saboda haka a sake shi duk shekara 2. Tsohon man birki yana iya tafasa a doguwar gangara, ka taka ka ji wayam. Masu gangarowa daga tudun Ngaundere zuwa Garwa da lodi sun san abin da nake nufi. A irin wurin nan a sa babbar giya mai riƙe mota, inji ya taimaki birki.

Taya kuma tana da ranar haihuwa. A gefenta akwai lambobi 4 a jere: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2319, an yi ta mako na 23 na 2019. In lambobin 3 ne kawai, tun kafin shekarar 2000 aka yi ta, ka guje ta ko da zanenta ya yi kyau. Roba tana bushewa da shekaru, kwalta mai zafi kuma ba ta yafiya. A gwada iska da safe taya na sanyi.

ABIN DA YA KEƁANTA DA MASU DABBOBI

Fitsari da kashin dabbobi suna cin ƙarfe. Mota da yawa injinta lafiya lau, amma bodi da shasi sun ruɓe. A shimfiɗa yashi ko ciyawa kafin lodi, wanda kuma yana hana dabba zamewa. In an sauke, a kwashe shimfiɗar a wanke da ruwa ranar, har ƙarƙashi. Wannan wankin yana rage yaɗa cuta daga garke zuwa garke.

Sai maganar lodi. Kowa na so ya ƙara sa ɗaya ko rago biyar don kuɗin mota ya sauka. Amma nauyin da ya wuce ƙa'ida yana karya sifirin, ya ƙona kuloci, ya fasa taya, ya sa birki ya ƙi kamawa. Dabbobin ma in sun matsu, wadda ta faɗi ba ta iya tashi, sai a tattake ta. Ribar sa ɗaya da ka ƙara, a garaji za ka biya ta, ko ka yanka shi a bakin hanya ka sayar da arha.

DIREBA DA BAKANIKE

Hannun direba rabin lafiyar mota ne. Da safe a bar inji minti ɗaya ko biyu mai ya zagaya, sannan a tashi a hankali. Kada a ɗora ƙafa a kan kuloci ana tafiya. Mota mai tabo, in an yi doguwar tafiya, a bar ta minti biyu tana aiki kafin a kashe. Sannu ba ta hana zuwa.

Ka koyi karanta hayaƙi. Shuɗi, inji na ƙona baƙin mai. Baƙi, man sha ya yi yawa ko iska ta yi kaɗan, a fara da duba filta. Fari mai kauri da bai daina ba bayan inji ya yi zafi, yawanci ruwa ne ke shiga ta gaskit, a motar gas kuma yana iya zama nozul. Sabuwar ƙara ko sabon ɗigo a ƙasa, duk saƙo ne.

Ka riƙe bakanike ɗaya wanda ya san motarka, kamar yadda kake riƙe dillali ɗaya a kasuwa. Ka ce a nuna maka tsohon kayan da aka cire. Manyanmu suna tuna Janairun 1994, lokacin da aka karya darajar sefa da rabi, kayan gyara na waje suka yi tsada, mutane suka koma sayen na jabu. Darasin yana nan: a birki, da sitiyari, da taimin bel, da filta, ba a neman sauƙi.

ƊAN LITTAFI A ALJIHUN MOTA

Kowane falke yana da littafin bashi. To, mota ma a saya mata nata. A rubuta rana, da kilomita, da abin da aka yi, da kuɗin da aka kashe, da boko ko da ajami. In agogon kilomita ya mutu a gyara shi, in bai gyaru ba a ƙirga da tafiya: zuwa Kano da dawowa sau 10, lokacin juye ya yi. Littafin nan zai nuna maka in mota ta fara shan mai fiye da da, ya hana gardama tsakaninka da direba, ranar sayarwa kuma ya ƙara mata daraja. Daga kowace tafiya a ware wani abu a ajiye don gyara, yadda ake ware kuɗin dusa da harawa.

Littafin ne kuma zai gaya maka ranar rabuwa. Inji ana sake shi, giya ana sake ta. Amma in shasi ya tsage ko ya ruɓe, an yi walda ya sake buɗewa, to a haƙura. Ba a ɗora rayukan mutane da dukiya a kan karyayyen ƙashin baya.

Kafin kowace tafiya, tun daren, a duba abu bakwai: baƙin mai, ruwa, man birki, fambel, iskar taya har da ta safaya, kusoshin taya, da fitilu. A cikin mota kada a rasa fambel, da tiyo, da filtar mai sha, da galan na baƙin mai, da jarkar ruwa, da jak mai aiki, da igiyar ja. Duk dubawar ba ta wuce minti 10 ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Wanda yake da wata dabara da ya gwada a hanya ta yi masa amfani, ya aiko mana mu buga don ƴan uwa su ƙaru. Allah Ya kiyaye hanya, Ya ba da kasuwa mai albarka.